Kibiya ta biyu

Tafinta ba shi da izinin kuka. Ba wanda zai gaya maka haka ranar da ka kama aiki, amma za ka gane da kanka. Na daɗe ina fassara tsakanin 'yan gudun hijirar Najeriya da ma'aikatan agaji, galibi a sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013 lokacin da mutanen Borno suka fara tsallakowa Kamaru. Ƙa'idar aikin ita ce ka faɗi magana yadda mai ita ya faɗe ta. Idan mace daga Gwoza ta ce an kashe mijinta a gabanta, ba za ka ce "ta ce an kashe mijinta" ba. Za ka juya ga ma'aikacin ka ce da Faransanci, "An kashe mijina a gabana." Bakinka ne ke faɗa. Ka gama, a kira na gaba.

A hankali barci ya ƙaurace mini. In na koma gida Marwa ƙarshen mako, hayaniyar yara ta dame ni, ƙarar babur a kan titin Domayo ta sa gabana faɗuwa. Ina tsaye a sahu, liman na karatu, ni kuwa zuciyata tana cikin wata rumfa a sansani. Wata rana uwargida ta ajiye mini abinci ta ce, "Maigida, gangar jikinka ce kawai ke dawowa gidan nan." Ban sami abin ce mata ba.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam ce daga Yawunde, muna ce mata Madam, ta fara tara mu ma'aikata bayan an tashi aiki. Ta ce kowa ya zauna ya miƙe bayansa, ya sa hankalinsa a kan numfashinsa, shigarsa da fitarsa, ba tare da ya tsawaita shi ko ya gajarta shi ba. In tunani ya ɗauke ka, da zarar ka farga sai ka dawo. Ba ta ɓoye mana asalin abin ba. Ta ce wani masani ɗan Amurka, Jon Kabat-Zinn, shi ya shigar da shi asibiti a 1979 a Jami'ar Massachusetts, a tsarin mako takwas, don marasa lafiya masu fama da ciwon da ya ƙi jin magani, kuma daga mabiya addinin Buddha ya koyo shi. Jin haka wasu abokan aikina suka daina zuwa. Ni na ci gaba, amma na ƙudurta sai na san abin da nake sa kaina a ciki, don haka na shiga karatu a waya, da Faransanci.

Mutumin da ake kira Buddha, sunansa Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, wajen ƙarni biyar kafin Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. An adana tsofaffin koyarwarsa da harshen Pali, kuma har yau ana haddace su a Siri Lanka da Miyanma da Tailan. Abin da ya kama ni a cikinsu shi ne ba su yi wa mai zama alkawarin kwanciyar hankali daga zaman farko ba. Sun ce za ka haɗu da shingaye biyar: kwaɗayin abin daɗi, ƙiyayya da fushi, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni tare da cizon yatsa, sai kokwanto. Wani malamin addinin Hindu ya taɓa tambayar Buddha me ya sa wani lokaci karatun da ya daɗe da haddacewa ke ɓace masa. Sai ya amsa masa da misalin mai son ganin fuskarsa a cikin kwanon ruwa. Kwaɗayi ruwa ne da aka zuba wa rini. Fushi ruwa ne da ke tafasa a kan wuta. Kasala ruwa ne da gansakuka ta rufe, rashin sukuni ruwa ne da iska ke kaɗawa, kokwanto kuwa ruwan laka ne da aka ajiye a cikin duhu. Duk wanda ya yi zaman makarantar allo, ya taɓa tashi biya hadda a gaban malam ta tsaya masa cak, ya san tambayar mutumin nan.

Kwaɗayi bai ba ni wahala sosai ba, bai wuce son duba waya ko tunanin shayi ba. Nawa ruwan tafasa yake yi. Da zarar na zauna na yi shiru sai fushi ya taso. Fushi da waɗanda suka yi wa mutanen nan wannan aika-aika, fushi da duniya da ta saba da labarinsu har ta daina ji, fushi da tuna Yulin 2015 lokacin da bama-bamai suka tashi a cikin Marwa muka yi ta kiran 'yan uwa a waya. Sai dai akwai wani abu da ke biyo bayan fushin, wanda na daɗe ban lura da shi ba saboda na ɗauka muryar gaskiya ce. Cewa yake yi: wane irin namiji ne kai? Waɗanda abin ya same su suna haƙuri, suna layin karɓar hatsi, kai da kunnenka kawai ya ji kake wannan rauni? Ina imaninka?

A cikin koyarwar Pali akwai bayani a kan wannan. An ce mutum in ciwo ya same shi kamar an harbe shi da kibiya ne. In kuma ya shiga baƙin ciki da dukan ƙirji da tsine wa halin da yake ciki, kamar an ƙara harbinsa da kibiya ta biyu ne a wuri guda. Wanda ya horar da zuciyarsa shi ma ta farko tana samunsa, yana jin zafinta, amma ba ya ƙara wa kansa ta biyu. Ranar da na karanta wannan na daɗe zaune da wayar a hannu. Labaran da nake fassarawa ba ni da ikon hana su sukana. Amma muryar nan da ke zagina dare da rana, daga kwarina take fitowa.

Mun tashi an koya mana dauriya. Ɗa namiji ba ya kuka, babba juji ne, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maƙwabtanmu Fulani ma sun fi mu tsanani a wannan, haƙuri da kunya su ne ginshiƙin fulakonsu, kuma a nan Marwa mun sha daga gare su. Ba na raina wannan tarbiyya, ita ce ta riƙe iyayenmu a shekarun fari da yunwa. Amma na ga abin da take zama in aka mayar da ita dannewa zalla. Na ga maza a sansani da ba su taɓa zubar da hawaye ba, kullum suna layin likita da ciwon kai da ciwon ciki da hawan jini. Zuciyar da aka hana magana, jiki ne ke yi mata magana.

Abin da koyarwar ta ce a yi da shingen mai sauƙin faɗa ne. In fushi yana nan, ka san yana nan. In ba ya nan, ka san ba ya nan. Ka lura da yadda yake tasowa da yadda yake kwantawa. Wani malamin mabiya Buddha ɗan Biyetnam, Thich Nhat Hanh, wanda ya ga yaƙin ƙasarsa da idonsa, ya yi shekaru masu yawa yana gudun hijira a Faransa, ya kafa wurin zamansa a kudu maso yammacinta a 1982, ya rasu a 2022 yana da shekara 95, ya koyar da cewa mutum ya ɗauki fushinsa yadda uwa ke ɗaukar jaririnta mai kuka. Ba ta dukansa, ba ta toshe kunne, rungumarsa take yi tukuna, sannan ta duba ko yunwa ce ko zazzaɓi. Da wani wanda bai san yaƙi ba ne ya faɗi wannan, da ban saurara ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Bayan sallar asuba da azkar, kafin gida ya tashi, nakan zauna kan tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. In fushin ya zo, maimakon in bi labarin da yake ba ni, sai in nemi inda ya sauka a jikina. Kusan kullum a muƙamuƙi ne da tsakiyar ƙirji, wani zafi mai nauyi. In ce a raina, ga fushi. In ɗora tafin hannu a wurin, in ci gaba da numfashi. Wani lokaci yana narkewa, sai in tarar baƙin ciki ne a ƙarƙashinsa, in tuna wata tsohuwa da ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, gaya masa ban san inda jikokina suke ba." Wani lokaci kuma ba ya zuwa ko'ina, sai mu zauna tare har rana ta fito. Bambancin shi ne na daina yi wa kaina faɗa don yana nan. Mutumin da ya wuni yana furta irin waɗannan maganganu da bakinsa, in zuciyarsa ba ta yi zafi ba, wannan ne abin tsoro.

Mabiya Buddha suna da wani horo kuma na fatan alheri, wanda ake farawa da kai, a wuce zuwa ga masoyi, sai wanda ba ruwanka da shi, a ƙare da wanda ka ƙi jini. Ni addu'a nake yi a madadinsa, in roƙa wa kaina sassauci, in roƙa wa iyalina, in roƙa wa mai kabu-kabun da ya kawo ni jiya. Mataki na ƙarshe kam ban kai ba. Iyakar abin da bakina ke iya faɗa game da masu kisan nan shi ne Allah Ya shirye su ko Ya yi mana maganinsu, kuma ba na tilasta wa zuciyata ta wuce nan.

Batun gyangyaɗi ya ƙara mini ganin tausayin da ke cikin tsarin. Wanda ya san zafin Marwa a watan Afrilu, lokacin da kogin Mayo Kaliyawo ya zama yashi zalla kuma dare ba ya barin mutum ya runtsa, ya san zaman asuba da ido rufe gayyatar barci ne. An ruwaito cewa Buddha ya tarar da wani babban almajirinsa, Moggallana, yana gyangyaɗi, ya ba shi shawarwari ɗaya bayan ɗaya: ya ja kunnuwansa, ya murza gaɓoɓinsa, ya tashi ya wanke idonsa da ruwa ya dubi taurari, ya yi tattaki. In duk ba su yi ba, ya kwanta a gefensa na dama ya yi barci, da niyyar tashi da zarar ya farka. Bai ce masa rago ba.

Na san tambayar da ke ran mai karatu, domin ita ce ta fi damuna, kuma ita ce kokwantona. Ni musulmi ne. Addinin Buddha bai ginu a kan imani da Mahalicci ba, yana koyar da cewa ana sake haihuwar mai rai bayan mutuwa, kuma babu wani rai tabbatacce a cikin mutum. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na je wurin malamin da na yi karatu a gabansa tun ina yaro, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da nake yi." Ya tambaye ni ko ana kiran sunan wani abin bauta, ko ana rusuna wa wani gunki. Na ce a'a. Ya ce, "To, numfashin Allah ne Ya ba ka, duba shi ba laifi ba ne. Amma kada ya zauna a wurin sallarka da zikirinka, kuma kada ka ɗebo aƙidarsu." Sannan ya tuna mini hadisin da ya ce Allah Ya yafe wa al'ummar nan abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko furta shi, da wanda ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Akwai malaman da ke ganin a nisanci abin gaba ɗaya saboda tushensa, kuma ba na ganin laifin wanda ya bi su. Abin da zan iya shaida a kaina shi ne, yanzu in waswasi ya ɗauke ni a raka'a ta biyu, ina dawowa ga karatun liman da wuri, domin ba na ɓata sauran sallar wajen zargin kaina.

Zaman nan ba na kowa ba ne a kowane hali. Akwai wani matashi cikin masu taya mu aiki, shi kansa ɗan gudun hijira ne, da ya rufe ido ya fara bin numfashinsa sai jikinsa ya hau kyarma, abin da ya gani a garinsu ya dawo masa kamar yanzu yake faruwa. Nan take Madam ta tsayar da shi. Ta ce ya buɗe ido, ya taka ƙasa da tafin ƙafarsa sosai, ya faɗa mata abubuwan da yake gani a ɗakin. Daga baya ta riƙa ganinsa shi kaɗai, ta kuma haɗa shi da likita. Wanda tsoro ke farkar da shi kullum cikin dare, ko yake jin ya gaji da rayuwa, kada a ce masa ya je ya zauna shi kaɗai ya lura da numfashi. A raka shi wurin ma'aikatan lafiya, kuma wani nasa ya zauna kusa da shi.