Na Rufe Ɗakin Kwamfuta, Na Ce Kowa Ya Fito da Wayarsa

A watan Maris na 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta ce a rufe makarantu saboda korona, ina ƙaramin malami a sashen kwamfuta na wata kwalejin ilimi a nan Arewa. Duk wanda ya manta kalmar sirrin imel ɗinsa wajena yake zuwa. Shi ya sa da hukumar kwaleji ta ce a koya wa malamai koyarwa ta intanet, ba a tsaya dogon bincike ba, aka ɗora min.

Da aka sassauta kulle, na tara su a ɗakin kwamfuta kwana uku, kowa da takunkuminsa, janareta na ta kuka a bayan taga. Na nuna musu Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, daga farko har ƙarshe: ga inda ake shiga, ga inda ake ɗora takarda, ga yadda ake haɗa gwaji. Ran rufewa aka raba satifiket, aka yi hoto, na koma gida ina jin na kai bantena. Bayan wata guda na leƙa in ga abin da aka yi. Waɗanda suka ɗora wani abu ba su cika yatsun hannu biyu ba, su ma handawut ɗinsu na shekara da shekaru suka ɗauka a hoto, a karkace, har da inuwar babban yatsa a gefen shafi.

Wani abokina ya gwada Zoom. Na kyauta minti 40 yake bayarwa ya katse, shi kuwa rabin lokacin ya tafi ne a "kuna ji na?" da "wane ne akuya ke kuka a bayansa?" Ɗalibansa da yawa ba su shigo ba sam. Da na kira kaɗan daga cikinsu na ji dalili. Ɗaya sai ya hau tudu a bayan gari yake samun sabis. Ɗaya wayarsa na wuni a shagon mai caji. Wata kuma ta ce wayar yayanta take ara bayan isha'i, su sayi datar dare saboda ta fi araha. Ni kuwa na horar da malamansu a kan manyan kwamfutoci, da intanet ɗin makaranta, ƙarƙashin fanka.

Zagaye na biyu sai na rufe ɗakin. Na ce mako biyu za mu yi, kowa daga gidansa, da wayarsa, da datarsa. Ni ne malami, su ne ɗalibai. Ran farko na tura musu bidiyo na minti 45, ina zaune ina zuba bayani, na ce a kalla a amsa tambaya kafin magariba. Kafin la'asar guruf ɗinmu na WhatsApp ya cika da ƙorafi. Wannan ya ce ya tsaya a rabi, wancan ya ce datar da ya sa jiya ta ƙare ƙaf, wani ya ce an ɗauke wuta tun safe. Na bar su suka gama, sannan na tambaya: a watan jiya, me kowannenmu ya tura wa ɗalibansa?

Guruf ya yi tsit. Can sai ga kiran wata shugabar sashe, wadda ta koyar da ni a shekarar farko.

"Kai yaro, da gangan ka yi mana wannan ko?"

"Da gangan ne, Hajiya. A yi haƙuri."

Ta yi dariya ta ce, "To ka kyauta. Gobe ka turo abin da mutum zai iya buɗewa."

Daga ranar aikin ya sauya. Muka daina maganar maɓalli, muka koma maganar darasi: me ɗalibi zai iya saurare shi kaɗai, me zai yi bayan ya saurara, ta yaya za ka san ya gane. Saƙon murya na minti bakwai ko kusa da datar bidiyon minti ɗaya ba ya ci, kuma yana nan a waya har lokacin da aka samu caji.

Wanda ya fi koya min wannan sana'a bai ma zo horon farko ba. Dattijo ne a sashen Larabci, ya yi tsangaya kafin boko, saura masa shekara biyu ritaya. Ana ta cewa taurin kai ne. Na je gidansa bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, aka kawo ruwa. Sai da muka daɗe yana zagaye sannan ya fito da ita: rabin waɗanda ke zaune a ɗakin kwamfutar nan ɗalibansa ne, ba zai je yana lalube a gabansu ba. Gabana ya faɗi, don na tuna a horon farko na taɓa zare linzamin kwamfuta daga hannun wani babba ina cewa "kawo in yi maka", mutane na kallo. Bai dawo washegari ba, ni kuma na ɗauka uzuri ne ya taso masa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, saƙon murya fa, ana turawa?" Ya ce kullum yana tura wa ɗansa da ke Legas. Na ce to an gama. Muka zauna a tabarma, ya rubuta ƙa'idar nahawu ɗaya da misalai a farar takarda, da rubutunsa mai kyau, na nuna masa yadda zai ɗauke ta a hoto ba inuwa. Ya yi bayani a murya, gajere. Shi da kansa ya ƙara sharaɗi: kowane ɗalibi ya karanto misalan da muryarsa ya turo, wanda bai turo ba, ba shi da darasi na gaba. Na ce masa ai wannan shi ne abin da nake ta fama in bayyana da dogon Turanci. Ya dube ni ya ce, "Wannan ai allo ne. Ba a rubuta wa almajiri sabon karatu sai ya biya na jiya ya wanke." Tun daga nan, duk horon da zan yi, darasinsa nake fara kunnawa, da izininsa.

Ya kuma tuna min cewa karatu daga nesa ba baƙo ba ne a wurinmu. Cibiyar malamai ta ƙasa da ke Kaduna, NTI, tun 1976 take, kuma sa'o'insa da yawa da littattafanta da haɗuwar ƙarshen mako suka samu takardar koyarwa. A lokacin kullen ma ai ta rediyo jihohi irin su Kano da Kaduna suka riƙa ba yara darasi.

Da aka buɗe makarantu muka koma tsarin gauraye, wani ɓangare a aji, wani a waya, nan wata matsalar ta ɓullo. Wasu malaman suka ci gaba da lakcarsu cif, sannan suka jibga aikin intanet a kai, ɗalibai suka fara kuka. Sai na riƙa ba kowa takarda a ja layi a tsakiya: dama abin da ɗalibi zai ji a gida, hagu abin da sai idon malami. Gwajin kimiyya da koyarwar gwaji hagu suke, ba gardama. Sharaɗina ɗaya ne, duk abin da ya koma dama, a cire shi daga lakca. Wannan cirewar ta fi komai yi wa malamai ciwo. Mutum ya shekara ashirin yana faɗin abu a tsaye, ka ce ya bar wa waya.

Akwai abubuwan da ban taɓa sa wa a jadawalin horo ba sai da suka ci ni. A lokacin guruf ɗin WhatsApp mutum 256 kawai yake ɗauka, ajin kwas ɗin gama-gari kuwa ya ninka haka, dole a raba ko a koma Telegram. Malamai mata suka zo min da ƙorafin saƙonni da kira tsakar dare, wata har maigidanta ya ce a bar wannan koyarwa. Muka sa doka: layi daban don aiki, guruf a kulle sai malami ya buɗe, tambaya daga ƙarfe huɗu zuwa shida. Jarrabawa kam na haƙura, ƙananan gwaji ne kawai a waya, babbar tana nan a zaure da masu sa ido. Kuɗin data da aka yi wa malamai alkawari zango ɗaya aka biya, daga nan shiru, kuma wasu da suka fara da zafi a nan suka tsaya. Ban ga laifinsu ba.

Malam ya yi ritaya. Kwanakin baya ya kira ni da sassafe, ya ce wayar tana ta rubuta masa cewa ta cika. Na je na duba, muryoyin ɗalibai ne fal, tun na 2020. Na ce a goge tsofaffin. Ya karɓe wayarsa ya ce a'a, in dai tafi kasuwa in sayo masa memori.