Idon Kawu da Igiyar Malam

Shekara 11 ke nan ina koyar da lissafi a wata sakandare nan Sakkwato, amma duk lokacin da muka shiga Kara sayen ragon layya ni da Kawu, ni ne ɗalibi. Bara muka tsaya gaban wani Uda, gaba baƙi baya fari. Kawu ya buɗe masa baki ya dubi haƙora, ya damƙi gadon bayansa, ya ce, "Wanga ruwa da dusa aka ɗura mishi, mu wuce." Ko minti ɗaya bai yi ba. Tef ɗin da na zo da shi don in auna ƙirji in lissafa nauyi, a aljihu ya kwana.

Ba duba irin na bokaye yake yi ba. Shekara 40 yana saye yana yankawa, kuma duk ragon da ya ruɗe shi, wuƙa ta tona asiri a ranar. Ido ne da ya sha gyara.

Nawa idon babu wanda ya gyara shi. Dillali ya yanka mini dubu 400, na taya 300 ina jin na yi wayo, alhali ragon bai kai nan ba. Tun 1974 masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa lambar da kunne ya fara ji takan zama turke, tunani ya yi ta kewaya ta. Na san wannan sarai, kuma turken ya riƙe ni.

Sai kakanmu ya rasu. Kawun nan ya tsaya bakin gonar albasa ta wajen Wurno yana nuni da sanda: nan na wane, can na wance. Malamin da aka kira ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, wannan ba rago ba ne." Ya zauna kan tabarma ya bi abin daki-daki: kuɗin jana'iza, bashi, wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sumuni ga matan biyu su raba, sauran kuma namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ina kallonsa na tuna masanin lissafi Alkhawarizmi na Bagadaza, wanda daga sunansa aka samo kalmar algoridim, wato bin matakai daki-daki wajen warware matsala. Babban kaso na littafinsa na aljabara lissafin gado da wasiyya ne. Yini guda muka yi, rana na dukanmu, Kawu na ta gunaguni.

Da aka ja igiya aka auna, sai ga shi rabon da idon Kawu ya tauye nasa ne, Inna ya ƙara wa. Har gobe cewa yake igiyar ce ta miƙe.