Bushiyar Teku a Napoli

Jirgin ƙasa ya kawo ni Napoli daga Roma cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, a watan Afrilu. Na ajiye jaka a masauki, ban ko huta ba na gangara bakin Bahar Rum, zuwa lambun Villa Comunale, inda tashar binciken halittun ruwa da Bajamushe Anton Dohrn ya kafa a 1872 take. Shekara da shekaru ina zana ƙwan bushiyar teku a allo ina koya wa ɗalibai a Kano, amma ban taɓa riƙe dabbar a hannu ba.

Washegari wata mai bincike ta ɗora mini ita a tafi. Dunƙule ce mai ƙaya, launinta tsakanin shuɗi da ruwan ƙasa, ƙayoyin suna motsi a hankali suna sosa fata. Su ma Italiyawa bushiyar teku suke ce mata, abin ya yi mini daɗi. Ta yi mata allurar ruwan gishirin fotashiyam, ta kifa ta a bakin kofi, sai ga ƙwai mai launin ruwan lemo yana zuba kamar garin rini. Aka ɗiga maniyyin namiji, ta ce in leƙa madubin na'urar ƙara girman abu. Kafin minti ɗaya tantani ya ɗago ya kewaye kowane ƙwai. Bayan kamar awa ɗaya da rabi, ƙwayar halitta ɗaya ta tsage ta zama biyu a kan idona. Sai da na yi tasbihi a fili.

A wannan matakin ne Hans Driesch, masanin halittu Bajamushe, wanda ya daɗe yana aiki a tashar nan, ya girgiza ƙwayoyin biyu suka rabu a 1891. Ya zaci rabin halitta zai samu, sai kowace ta ba shi cikakkiyar tsutsa, ƙarama dai. Ashe kowace ƙwaya tana ɗauke da umarnin gado gaba ɗaya, wato umarnan gina jiki da ake gada daga iyaye, abin da ya bambanta su shi ne wanda aka kunna da wanda aka kashe.

Abin da ya hana ni tashi cin abincin rana shi ne rabuwa ta huɗu, inda ƙwayoyin suka kai 16. Huɗu daga ciki ƙanana ne ƙwarai, sun taru a gindin ƙwan, kuma daga zuriyarsu ƙashin tsutsar zai fito. Yadda ake ba su wannan aiki ya fi komai burge ni. Akwai wani umarni mai suna hesC da ke aiki a sauran jiki kamar mai gadi, yana danne umarnan gina ƙashi irin su alx1. A cikin ƙananan nan huɗu kaɗai ake kunna wani umarnin mai suna pmar1, shi kuma aikinsa ɗaure hannun mai gadin. Da an ɗaure shi, ƙofa ta buɗe wa umarnan gina ƙashi. Ɗakin binciken masani Eric Davidson a jami'ar Caltech ta Amurka ne ya zana taswirar wannan tsari, kuma a ganina duk malamin da ya nuna wa ɗalibi ita ya sauƙaƙa masa rabin darasin gado.

Na zaga gari kwana biyu, na hango dutsen Vesuvius ta ƙetaren ruwa, na ci kifi, amma hankalina yana kan kofin nan. Rana ta uku na koma da sassafe. Ƙwan ya zama tsutsa mai hannuwa, tana iyo tana juyi. Matar ta murɗa hasken na'urar, filin ya yi duhu, sai sandunan ƙashin suka haska kamar zaren azurfa. Na roƙe ta ta ɗaukar mini hoto ta cikin madubin, na tura wa 'yan ajina tun ina tsaye a wurin.