Idan Ƙaguwar Katantanwa Ta Fito Tsirara Bayan Saɓa

Ƙaguwar da ke zama cikin katantanwa ba ta da ɓawo mai tauri a rabin jikinta na baya. Cikinta laushi ne da shi, a naɗe yake zuwa dama, shi ya sa take aron gidan dodon koɗin teku ta shige. Wadda aka fi kiwo a gidaje ita ce Coenobita clypeatus ta tsibiran Karebiyan, sai Coenobita compressus ta gaɓar Ekwado. Duk da a tudu suke rayuwa, numfashinsu irin na kifi ne, sai da danshi, kuma a cikin katantanwar suke ajiye ɗan ruwan da ke jiƙa jikinsu. To, duk wadda aka gani a waje babu gida, bushewa ce za ta fara kashe ta, tun kafin yunwa.

Wani abin da ke halaka su a wannan hali shi ne hannun mai su. Wadda ta gama saɓa jikinta kamar dafaffen ƙwai yake, launinta ya koɗe, matsa kaɗan ya isa ya karya mata ƙafa. Kada a ɗauke ta da yatsu. A sa cokali a kwaso ta tare da ɗan yashin da ke ƙarƙashinta.

A samo ƙaramin kwano mai santsi, a zuba ruwan da ba shi da kulorin daidai yadda zai jiƙa gindin kwanon kawai, ba wanda zai shanye ƙaguwar ba, a sa ta a ciki. Ruwan famfo sai an ɗiga masa maganin cire kulorin na masu kiwon kifi. Tsohuwar katantanwarta a duba cikinta da tocila, don sau da yawa tsakuwa ko ƙananan ƙwari ne suka kore ta. A tafasa katantanwar minti 5, a bari ta huce sarai, a zazzage ruwan. Sai a sa katantanwar a kwanon, bakinta na kallon sama, tare da wata guda da ta fi ta rashin nauyi, domin mai sabon jiki wani lokaci gidan ne ya yi mata nauyi. Ƙanƙantar kwanon da gangan ne: duk inda ta juya katantanwa za ta taɓa. A mayar da kwanon cikin babban akwatin gilashin da ake kiwonsu a ciki, a kife masa murfi mai huji don sauran kada su kai gare ta, a rufe da tawul ya yi duhu. Awa guda cur kada a leƙa.

In an dawo ba ta shiga ba, ana iya kai ƙarshen cikinta bakin katantanwar a hankali a ƙyale ta. Turawa da ƙarfi kuwa babu shi, cikin yagewa yake yi. Siffar bakin ma tana da tasiri: ta Karebiyan ta fi son zagayayyen baki, ta Ekwado kuma mai kama da harafin D. Masu fenti da ake sayarwa don ƙawa, ni dai ban ga amfaninsu ba, fentin yakan ɓare ta ci.

Saɓar da ta tuɓe kada a zubar, a sa mata ita kusa. Cinye ta take yi ta mayar da kalsiyam, da shi sabon ɓawon ke ƙarfi. In sauran sun riga sun cinye, a daka ɓawon ƙwan da aka tafasa ya yi gari. A ƙara ɗigon zuma a bakin tsinke da ɗan gwaiduwar ƙwai, a ajiye dab da bakinta, musamman in ta rasa hannun da take ɗaukar abinci da shi.

Ƙafar da ta cire ba a sa mata magani. Wani ɗan tsiro mai kama da ɗigon ruwa mai kauri zai fito a gurbin, ya zama ƙafa a saɓa ta gaba, siririya da farko, ta cika bayan saɓa biyu ko uku. Amma in ƙafafu suna zuba ɗaya bayan ɗaya, matsalar tana cikin akwatin. Zafi ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 29, danshi kashi 70 zuwa 80 cikin 100. Mai kiwonta a Kano ko Zinder ya san hunturu zai shanye danshin nan cikin ɗan lokaci in babu murfin gilashi, zafin bazara kuma yakan sa ta tsere daga gidanta. Kwanon ruwa biyu ake ajiyewa, na daɗi da na gishiri, gishirin kuma na masu kiwon kifin teku, ba na girki ba.

Yashin a haɗa shi da garin ɓawon kwakwa, yashi kashi 5, garin kashi 1, a jiƙa har ya riƙa dunƙulewa a hannu, zurfinsa aƙalla santimita 15. Rashin wannan zurfin yakan sa ta yi saɓa a fili maimakon cikin yashi. Sai ta fara tafiya da ƙarfi, ƙarshen ƙafafunta sun yi baƙi da tsini, sannan a haɗa ta da sauran. Wadda ta kwanta shiru kuma kada a yi saurin binne ta. Matacciya warin ruɓaɓɓen kifi take yi, ba ya ɓuya.