Ciwon saman ƙafar dogon ɗan wasa ba targaɗe ba ne

Tunda na ajiye aikin kula da raunin 'yan wasa a wata ƙungiyar ƙwallon kwando a nan Garwa, abokan aiki ke tambayar me zan bar wa mai gadona. Na ce ya zauna ya karanci ƙafafun Joel Embiid, ɗan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Duk abin da ke faruwa a filayenmu na siminti yana cikin tarihinsa, sai dai shi yana da manyan likitoci da kuɗi, yaranmu kuwa ba su da ko ɗaya.

A Yawunde aka haife shi a 1994, Luc Mbah a Moute, ɗan Kamaru da ke buga NBA a lokacin, shi ne ya gano shi a sansanin horo. Tsawonsa mita 2.13, nauyinsa ya haura kilo 120, kuma duk tsallen da ya yi, a kan ƙananan ƙasusuwan ƙafa nauyin ke sauka. A 2014, yana Jami'ar Kansas, ƙashin bayansa ya tsage. A watan Yuni aka gano wata tsagar a ƙafarsa ta dama, a ƙashin da likitoci ke kira nabikula, aka ɗaure shi da ƙusoshi biyu. Duk da haka ƙungiyar Filadelfiya ta ɗauke shi na uku a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA na shekarar. Bayan shekara hoto ya nuna ƙashin bai haɗe ba, aka sake tiyata. Sai Oktoban 2016 ya taka fili, kaka biyu cur sun wuce shi. Irin wannan ƙashin ne ya taimaka wajen tsayar da Yao Ming, dogon ɗan wasan NBA ɗan China, a 2011.

Nabikula yana saman ƙafa ta gefen ciki, gaban idon sawu kaɗan. Jinin da ke isa tsakiyarsa kaɗan ne, shi ya sa yake jinkirin haɗewa. Ba faɗuwa ɗaya ke tsaga shi ba, yawan dira ne. Yaro zai ce ƙafar na masa ciwo in yana gudu, in ya huta ta lafa, kumburi kusan babu. A makonnin farko hoton radiyo, wato hoton ƙashi na asibiti, yakan fito fes. Zaunar da shi a benci, cire masa takalmi da safa, ka danna saman ƙashin da babban yatsa. In ya janye ƙafar da sauri yana cije leɓe, ka tashe shi ya yi tsalle da ƙafa ɗaya a kan yatsu. In ciwon ya dawo daidai wurin, a nemi sikana ko IRM, hotunan da suka fi radiyo nuna cikin ƙashi, ko da za a yi karo-karo. Maganinsa filasta da sanduna biyu, mako 6 zuwa 8, ba taka ƙasa ko kaɗan. Nan iyaye ke kuskure, sai ka ji "ai masallaci kawai ya je". Maɗori na da inda ya ƙware, amma ja da murza da ruwan zafi ba sa haɗa wannan ƙashi.

Abin da ya fi ci mini rai ba ciwon ba ne, mai yanke hukunci ne. Shugaban ƙungiya shi ke biyan mota da abinci, don haka yana ganin ƙafafun yara ma nasa ne. Gasa ta matso, sai ya ɗaga hoton radiyo a rana ya ce, "Malam, ina karayar? A yi masa allura ya shiga." Diklofenak na kashe zafi, tsagar kuwa tana nan tana buɗewa. Yaron ya buga, an ci kofi ko ba a ci ba, bayan wata biyu yana ɗingishi. A lokacin sai a ce mai kula da rauni ne bai san aikinsa ba, yaron kuma a sallame shi ba ko sisi, tunda babu takarda tsakani. Wannan zalunci ne, kuma ba zan canza masa suna ba.

Matsin nan har a NBA akwai shi. Embiid ya zama gwarzon gasar a 2023 da maki 33.1 a kowane wasa. A Janairun 2024 ya zuba wa San Antonio maki 70. A kakar ne aka fara dokar cewa sai ka buga wasa 65 kafin a ba ka babbar kyauta, ana ta yi masa gori kan wasannin da yake tsallakewa. Kwana 8 bayan maki 70 ɗin ya shiga wasa da Golden State gwiwa ba lafiya, ɗan wasansu Jonathan Kuminga ya faɗo masa a kai, guringuntsin gwiwar hagu ya yage, gwiwar da aka taɓa yi wa aiki a 2017. An yi tiyata a Fabrairu, ya dawo a Afrilu, ya zarce Olamfik a Faris ya ci zinare da Amurka. Kakar da ta biyo baya wasa 19 kawai ya buga. A ganina gwiwar ba ta taɓa samun hutun da take nema ba.

Gefen wajen guringuntsin gwiwa na samun jini, ana iya ɗinke shi, sai dai jinya ta kai wata 4 zuwa 6. In aka datse yagaggen wurin, yaro na dawowa cikin makonni, amma matashin da ke tsakanin ƙasusuwa ya ragu, gwiwa ta riƙa tara ruwa. Shugabanni sun fi son datsewa saboda sauri. A bar wa likita da iyaye zaɓin.

Sauran kuwa: a auna gwiwa da tef ɗin tela washegarin horo, in ta fi 'yar'uwarta da santimita ɗaya a rage lodi. Kada yaro ya koma gasa sai tsallensa da ƙafar mai ciwo ya kai kashi 90 na mai lafiya. Takalmin gwanjo da tafinsa ya mutu a canza shi. A Maris da Afrilu, lokacin zafi, a yi horo bayan asuba. Duk ranar da aka sa yaro wasa bayan ka hana, ka rubuta a littafi da kwanan wata, ka miƙa wa shugaba ya sa hannu.