Jirgin ƙasa a babi na shida

Yau maɗaba'a ta aiko da kwafin gwaji na littafin labarin da na rubuta. Ina dubawa sai ga jarumar tana jin kukan jirgin ƙasa daga Fagge. Labarin na 1903 ne, shekarar da Turawa suka ci Kano, layin dogo kuwa sai 1911 ya iso. Mutum uku sun tace rubutun, ba wanda ya lura.

Da an riga an buga, gyaran jimla ɗaya tak sai an sake farantin bugu na shafi goma sha shida. Na mayar da kukan jirgin ya zama kukan jakunan fatake, na koma bin kowane ciniki, in tabbatar da kuɗin wuri aka biya. Ina ta tunanin me kuma kunnena ya saba ji har na sa mata a nata.