Mako na tara da renon itatuwa: leda 200, saura 143

'Yan'uwana mata masu koyon renon itatuwa, sannunku da ƙoƙari. Ga inda aka kwana a wajena.

Yau mako tara ke nan da na cika leda 200 da ƙasa, yashi da ruɓaɓɓen taki. Da safen nan na ƙirga masu rai, 143. Yawancin waɗanda suka mutu ba akuya ce ta ci ba, ni na kashe su da tausayi. Safe ruwa, rana ruwa, yamma ruwa, ga rumfa na yi musu mai kaurin gaske. A mako na uku sai tsiron ya fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya, gindin ya yi baƙi ya sirance kamar zare. Malamarmu ta tsoma yatsa cikin leda ta ce, "Baiwar Allah, ai fadama kika yi." Ashe ruɓewar gindi ce, cutar da ke son laima da rashin iska. Yanzu sai yatsana ya ji ƙasa ta fara bushewa nake ɗaukar bokiti.

Irin gawo ɓawonsa tauri gare shi. Rabin irin na zuba masa tafasasshen ruwa bayan na sauke daga wuta, ya kwana a ciki. Ɗaya rabin kuma na ɗan ɓantare gefensa da abin yankan farce, nesa da idon. Na ɓantarar ne ya riga fitowa, amma yatsuna sun gaya mini. Irin darbejiya da na adana tun bara kuwa ko ɗaya bai tsiro ba, domin shi ba ya jure ajiya, sabo ake shukawa.

Abin da ya fi ba ni aiki yanzu saiwa ce. Gawo na tura doguwar saiwa ƙasa tun ganyensa bai taka kara ya karya ba. Na ɗaga wata leda na ji ta riƙe, ashe ta huda ta kama ƙasa. Duk bayan mako biyu sai na ɗaga kowace leda in datse abin da ya leƙo.

Shirin dashen itatuwa da muke ciki ba ya biyan tsiro, sai itacen da ya rayu bayan dashe. Da farko na yi ta ƙorafi. Daga baya na ji cewa haka Wangari Maathai ta yi da matan karkara a Kenya, a ƙungiyar Green Belt Movement da ta kafa a 1977: ɗan ihsani a kan dashen da ya rayu. Lokacin da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, itatuwan sun kai miliyan 30. To, na yarda da hikimar. Sai dai har yanzu ina da magana: macen da ba ta da jari, ita ke ɗebo ruwa watanni kafin ta ga ko sisi. In ana son ta ɗore, a ba ta leda da iri tun farko, a kusanto da ruwa, kuɗin kuma ya shiga hannunta da sunanta.

Daga gobe zan fara yaye rumfar kaɗan-kaɗan, in rage ruwa, su saba da rana kafin dashe. Wadda ta riga ni wuce wannan mataki, kwana nawa kika ɗauka kafin ki cire inuwar gaba ɗaya?